Gona Nawa Ta Isa Gwaji?

Tun 1975 da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, manoman yankin nan suka saba ganin malamin gona da ma'auni da littafi a bakin kunya. Har gobe, irin masara na SAMMAZ da cibiyar bincike ta Samaru ke fitarwa sai an gwada shi a gonakin manoma.

To, a gona nawa? A nan gizo ke saƙa. Gona biyar ba tsada, amma wannan jigawa ce, waccan fadama, wata kuma wuta-wuta ta cinye ta. Ko da sabon iri ya fi tsoho da buhu biyu a hekta, bambancin ƙasa zai iya binne fifikon, a ce iri bai yi ba, alhali ya yi. Kuɗi sun tafi, manomi ya rasa alheri.

Lissafin kuwa ba sassauci. Mai son gano fifikon buhu ɗaya maimakon biyu, sai ya ninka gonakin sau huɗu. Kowace gona kuma da kuɗinta: ga man babur, ga taki, ga alawus ɗin mai awo ranar girbi.

Ni a ganina, a raba kowace gona biyu: sabon iri gefe, tsoho gefe, taki ɗaya, ranar shuka ɗaya. A kuma watsa gonakin daga Bakori zuwa Danja, Kafur da Malumfashi, kada a cusa su ƙauye guda don yana bakin kwalta. Mai binciken da kuɗinsa bai kai ba, ya haɗa kai da hukumar bunƙasa noma ta Jihar Katsina, KTARDA, a yi gwaji ɗaya babba.