Dabbobin Daji Al'umma Ce Kamar Mu

 

Ya ƴan'uwa Musulmi masu sauraro, wani bawan Allah ya aiko mana da tambaya, ya ce: tun da farauta halal ce, me ya sa hukuma ke kama wanda ya harbi raƙumin dawa ko ya sayar da kan ungulu? Tambaya ce mai kyau.

A cikin Suratul An'ami Allah ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. A Suratur Rahmani kuma ya ambaci ma'aunin da ya aza, ya hana mu ƙetare iyaka a cikinsa. Wannan ma'auni manomi na ganinsa a gonarsa. Ku dubi gawo. Da damina yana zubar da ganye, rana ta sami hatsi. Da rani ya yi kore, bisashe su taru a inuwarsa su ci ƴaƴansa, su bar taki. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili kyau. Itace na riƙe da ƙasa, ƙasa na ciyar da dabba, dabba na mayar wa ƙasa abin da ta ci. In an cire ɗaya, sauran sai sun ji a jikinsu.

Ungulu da muke ƙyama ma tana da aikinta. Mu da muka kai shekara sittin mun san lokacin da mahauta ba ta rabuwa da ungulaye, mushe kuwa ba ya kwana biyu a bayan gari. Yau a garuruwa da dama yaro sai ya balaga bai ga ungulu ba. Guba ta kashe wasu, wasu kuma an kashe su an kai wa boka kawunansu don neman asiri, an haɗa ɓarna biyu ke nan, ta rai da ta imani. A ƙasar Indiya, bayan 1990, wani maganin da ake ba shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu. Mushe ya yawaita, karnukan da ba su da mai su suka hayayyafa, ciwon haukan kare ya ƙaru cikin mutane.

To, mu dawo ga raƙumin dawa. Kakanninmu sun san shi daga Senegal har Tafkin Cadi. Harbi da fari da sarar itace suka rage shi, har a shekarar 1996 aka ƙidaya guda 49 kacal, dukansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Irin wannan raƙumin dawa na Afirka ta Yamma babu sauransa a wani daji na duniya sai nan ƙasarmu. Macen tana ɗaukar ciki wajen wata 15, ta haifi ɗa guda. Harsashi ɗaya kuwa ƙiftawar ido ne. Da aka hana kisansa, mutanen ƙauyukan suka haƙura da zama da shi, sai adadin ya haura 600. A 2018 aka ɗauki guda 8 a mota aka kai su gandun Gadabeji cikin jahar Maradi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga sawunsu ba.

Ba mu ɓoye gaskiya ba: haƙurin nan da tsada. Raƙumin dawa na shiga gona ya ci wake, ya ci mangwaro, talaka ne ke asara. Haƙƙi ne a kan masu mulki su dubi wannan manomi su tallafa masa, domin ba adalci ba ne a ɗora wa mutum ɗaya nauyin amanar ƙasa duka.

Mariri kuwa bai sami wannan sa'a da wuri ba. Shi da Abzinawa ke yin garkuwa da fatarsa, a shekarar 2000 aka tabbatar ya ƙare a daji ƙaf. Sai da aka kawo waɗanda aka kiwata a ƙasar Larabawa aka sake su a Cadi a 2016.

Yanzu ga hukunci. Littafin Risala da muka karanta a zaure ya bambanta farautar bukata, wadda ta halatta, da farautar wasa, wadda aka karhanta. Masu bin barewa da mota har ta faɗi don nishaɗi su san matsayinsu. Kuma halascin yanka dabba guda bai zama izinin shafe irinta ba. Hadisi ingantacce ya ba da labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa wahayi yana zarginsa da halaka al'umma mai tasbihi. Annabi Nuhu ma an umurce shi ya ɗauki namiji da mace daga kowane iri cikin jirgi. Keɓe daji kuma ba baƙon abu ba ne a shari'a: Manzon Allah ya haramta farautar Madina da sarar itatuwanta, Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya a Rabza. Saboda haka idan shugaba ya hana kisan wata dabba don kada ta ƙare, bin wannan doka wajibi ne, naman da aka samu ta saɓa mata kuma mai azumi ya nisanta shi daga buɗa-bakinsa.

Mai tambaya, in kana da bindiga ko tarko, zabon daji da zomo na nan a lokacin da doka ta buɗe farauta. Ka bar mai ciki da mai shayarwa, kada kuma ka sa wa daji wuta don ka kama gafiya.

Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga babin zakkar fidda-kai. Allah ya karɓi azuminmu.