Gyaran Ƙashin Baya na Zamani: Ji-Ta-Ji-Ta da Gaskiyar Lamari



Kwamitin lafiya ya nemi mu ce wani abu game da sana'ar nan ta gyaran ƙashin baya da hannu wadda Turawa ke kira kairofiraktik, ganin yadda 'ya'yanmu na Abuja da Legas ke ɗauko tsofaffinsu daga gida domin a kai su. Mu dai malaman makaranta ne, alli muka riƙe, amma mun ɗan bincika.

Da yawa sun ɗauka ɗorin gargajiya ne aka sa wa kwat. A'a. Maɗori karaya da targaɗe yake gyarawa, kuma gado ya yi. Ita wannan sana'a wani mutum ne, Daniel David Palmer, ya ƙirƙiro ta a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka cikin 1895. Ya yi da'awar cewa ya danna bayan wani mai kula da gini, Harvey Lillard, kurumtarsa ta warke. Daga nan ya koyar da cewa kusan kowace cuta gocewar ƙashin baya ce ke haddasa ta, wai tana danne jijiya. A 1906 har ɗaure shi aka yi saboda yin magani ba lasisi.

Wannan koyarwa ita ce uwar sauran ƙarairayin. Binciken likitoci bai tabbatar da cewa danna baya na warkar da hawan jini, ko asma, ko ciwon suga ba. A Ingila ƙungiyar masu sana'ar ta maka marubuci Simon Singh a kotu a 2008 domin ya soki iƙirarinsu na warkar da cututtukan yara, sai ga shi a 2010 ta janye ƙarar.

Sai ƙarar nan ta "ƙas!" da ke sa majiyyaci ya yi ajiyar zuciya ya ce ƙashi ya koma wurinsa. Babu abin da ya koma. Kumfar iska ce ke samuwa cikin ruwan gaɓa idan an ja ta, daidai da ƙarar da ɗalibanmu ke yi da yatsu a bayan aji muna tsawata musu.

Amma kada mu zalunce su. Masu cewa duk damfara ce, su ma sun zarce. Ga ciwon ƙugu na yau da kullum, irin na zaman ofis da doguwar tuƙi, dannawar na kawo sauƙi gwargwado, kamar dai yadda motsa jiki da gashin asibiti ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da ƙa'idojin horar da su a 2005. Sai dai digirinsu ba na likitan asibiti ba ne, ko da suna amsa sunan dokta.

Abin da ya fi damun mu shi ne zaton cewa tunda ba allura ba wuƙa, to babu haɗari. Murɗa wuya da ƙarfi na iya tsaga jijiyar jini mai zuwa ƙwaƙwalwa har ɓarin jiki ya shanye, ko da yake ba kasafai ba. Kuma ciwon bayan tsoho ba na saurayi ba ne. Mun ga wani abokin karatunmu na kwalejin horon malamai wanda 'ya'yansa, cikin kyakkyawar niyya, suka yi wata huɗu suna biyan kuɗin danna masa baya, ashe tarin fuka ne ke cin ƙashin. Kafin a gane, ƙafafu sun tafi. Da an yi hoto da wuri, da ƙwayoyi sun wadatar.

Saboda haka, in ciwon baya ya zo da rama, ko zazzaɓin dare, ko mutuwar ƙafa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ya biyo bayan faɗuwa, a wuce asibiti kai tsaye. Ga na ƙashi nan a Dala, Kano. Haka tsofaffin mata da ƙashinsu ya yi rauni, kada a yarda a hau musu baya. Wanda kuma ya ce sai kun biya kuɗin zuwa talatin tun kafin ya taɓa majiyyaci, ku nemi ganin takardar rajistarsa tukuna.

Muna roƙon kwamitin lafiya ya sa kuɗin hoton ƙashi na dattawanmu cikin kasafin baɗi.