A Koyi Saƙar Safa Mai Yatsa Kafin Sanyi Ya Kama

An yi kira ga matan karkara da su koyi saƙar safa mai yatsa, domin kare iyalansu daga sanyin hunturu da kuma samun abin kashewa. Wata malamar saƙa ce ta yi wannan kira a jawabinta ga mata 'yan ajin yaƙi da jahilci a Jajaye, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo.

Malamar ta ce daga watan Disamba zuwa Fabrairu ne faso da kaushi suka fi damun mutanen ƙauye. Yaro zai yi sammakon makaranta da tsagaggiyar dunduniya, haka ma maigidan da ke noman rani a bakin dam ɗin Challawa ta wajen Ƙaraye. Ta ce faso in ya yi zurfi har jini yake yi, in datti ya shiga kuma sai ya zama gyambo.

Ta bayyana cewa yawancin jama'a silifas suke sawa, safar kanti kuwa ba ta shiga silifas saboda igiyar da ke ratsa tsakanin yatsu. Maganin wannan shi ne a saƙa wa babban yatsa ɗakinsa daban, sauran huɗun su haɗu a ɗaki guda. Ta ce mutanen ƙasar Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna sa irin wannan safa da suke kira tabi, domin su ma takalminsu na gargajiya mai igiya ne.

Game da yadda ake yi, malamar ta ce a nemi zaren ulu da tsinken saƙa huɗu ko biyar. A fara daga idon sawu ana zagayawa, a yi dunduniya, a ci gaba har gindin yatsu. A nan ne za a raba ƙullin gida uku. In ƙulli 48 ne, sai a ware 16 don babban yatsa, 32 don sauran. A ƙara ƙulli 3 ko 4 a tsakani don kada wurin ya matse, sannan a riƙa ragewa har a rufe baki. Mai son yi wa kowane yatsa ɗakinsa ta bari sai hannunta ya faɗa.

Ta ja kunnen ɗaliban da su tuna ƙafar dama daban take da ta hagu. Wadda ba ta rubuta lissafinta ba tana iya gama aiki ta tarar duka biyun na ƙafa ɗaya ne. Ta ce a nan ne karatun da suke yi zai yi musu rana.

Haka kuma ta ce a wanke ƙafa, a tsane tsakanin yatsu sosai, a shafa man kaɗanya kafin a sa safa. Mai ciwon sukari kada a yi masa matsattsiya, kuma in ya ga rauni a ƙafarsa ya hanzarta zuwa asibiti.

Daga ƙarshe ta shawarce su da su haɗa kuɗi su sayo zare da yawa daga Kano don ya yi sauƙi, su kuma fara aiki tun kaka, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.