Jawabi Ga Direbobi Da Makanikan Muciya A Kan Bas Mai Tafasa

Wannan jawabi an shirya shi ne domin masu motocin haya da direbobi da makanikai na Muciya da sauran unguwannin Sabon Garin Zariya, musamman waɗanda ke jigilar fasinja tsakanin Sabon Gari da Samaru ta Kwangila. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 wannan hanya ba ta rabuwa da matafiya. Tafiyar ba nisa, amma tana cin inji, domin bas ba ta samun sakin jiki ta sha iska. Daga ta ɗauki wannan sai ta sauke wancan, ga cunkoso, ga zafin Maris da Afrilu.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci ba don mutane aka ƙera su ba. Motocin kaya ne da suka gama aiki a Turai, aka shigo da su, aka yanka musu tagogi, aka jera kujeru. Yanzu kuma ga wani sauyi na biyu. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 1 ga wata bai zagayo ba sai da kuɗin mai ya yi tsalle. Wannan a 2023 ke nan. A cikin shekarar Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin mai da motoci su riƙa aiki da iskar gas, watau CNG, kuma Makarantar Koyon Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, wadda aka kafa a 1986 a nan hanyar Basawa, tana cikin masu wannan aiki. To, motar da aka sāke wa hali sau biyu, lalle a dubi yadda take shan ruwa.

Wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona, zafi ne wanda ruwa ke kwashewa. Famfon ruwa shi ke tura shi ya zagaya cikin inji, ya fito ta tiyon sama ya shiga lagireto, fanka da iskar hanya su huce shi, sa'an nan ya koma ta tiyon ƙasa. Idan abu guda ya ƙi aiki cikin waɗannan, allurar zafi za ta hau. Direban da ya ga haka ya ce bari ya ƙarasa Samaru tukuna, ya sani kan silinda na yawancin injunan nan na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, gasket ya ƙone. Gyaran da ɗan tiyo zai biya sai ya zama na sauke inji, mota ta kwana bakwai a gareji, mai ita na jiran balas, iyalin direba na jiran cefane.

Farkon abin da makaniki zai duba shi ne murfin lagireto, ko da yake shi aka fi rainawa. Zariya tana bisa tudu, sama da mita 600 daga teku, saboda haka ruwa a buɗe yakan tafasa wajen digiri 98. Murfi mai lafiya yana matse ruwan ne, sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Akwai lamba a bisansa, 0.9 ko 1.1, ita ce gwargwadon matsin. A sayi mai lambar da ta dace da motar. Wanda ya toshe bakin lagireto da tsumma ko leda ya zubar da wannan rata duka. Kada kuwa kowa ya kuskura ya buɗe murfin inji na da zafi. A bas irin Hiace injin yana ƙarƙashin kujerar gaba, tururin da zai fito fuskar yaron mota zai fara samu, ya kuma watsu ga fasinja.

Sai zancen ruwan kansa. Ruwan rijiya da na kwalbati yana ɗauke da laka da gishirin ƙasa, su ne ke daskarewa su toshe ƙananan hanyoyin lagireto, tsatsa kuma ta cinye fukafukan famfo har ya riƙa juyawa ba ya tura komai. Abin da ya kamata shi ne ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa, a gauraya shi yadda aka rubuta a jikin galan, gama yana hana tsatsa. Amma dafi ne, ga shi da ɗan zaƙi, don haka kada a bar shi a faranti inda yaro ko akuya za su kai baki. Masu zuba ƙwai ko garin barkono don toshe yoyo, wannan dabarar daji ce ta isa gida, abin da ya toshe huda kuwa shi zai toshe hanya. Lagireto na tagulla a kai wa mai dalma ya buɗe shi ya tsefe. Mai kan roba in ya tsage a sāke kan ko a sāke shi duka. Bayan hunturu a wanke fuskarsa daga ciki zuwa waje, ƙura da ƙaiƙayi su fita.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu na ƙasar nan, watau da zarar mota ta iso sai a cire tamostat a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Wannan ɗan makulli yana tsare ruwa cikin inji har ya kai digiri 82 ko 88, gwargwadon irinsa, kana ya buɗe masa hanyar lagireto. Injin da ba shi da shi yakan daɗe bai ɗumama ba da asubar hunturu, ya sha mai da yawa, ya lalace da wuri. A wasu injuna ma ruwan zafi yakan riƙa kewayawa ta gajeriyar hanya bai bi ta lagireto ba. Gwada shi ba wuya: a jefa shi cikin tukunyar ruwa bisa wuta. In ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, lafiyarsa lau, a mayar da shi. In ya ƙi, a sayi sabo.

Ga motar da aka sa wa gas, maganar ta fi haka nauyi. Iskar da ke cikin tukunyar an matse ta kamar sau 200 bisa matsin iskar da ake shaƙa. Kafin ta isa inji sai ta bi ta wata na'ura mai rage mata ƙarfi, iska kuwa in ta saki daga matsi sanyi take yi ƙwarai, har na'urar ta iya yin ƙanƙara. Domin haka ne masu haɗawa ke jawo tiyo biyu daga ruwan inji su bi ta cikinta su ɗumama ta. Ashe ke nan ruwa ya sami sabon aiki, an kuma ƙara mahaɗai inda yoyo zai iya ɓullowa. Galibi daga bututun hita ake jawo su, hitar da tun tuni aka toshe ta don an ga ba ta da amfani a nan. Lalle a tabbata ruwa na gudu a wannan layi. Motar da ke shaƙewa ko mutuwa in an juya ta kan gas, tana kuwa tafiya daidai a kan fetur, a taɓa na'urar: in ta yi sanyi ƙalau alhali inji ya yi zafi, ruwa ne bai isa gare ta ba. Har wa yau gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul kamar yadda fetur ke yi, don haka lagireton da ya toshe rabi, wanda dā ake lallaɓawa da shi, yanzu ba zai ɗauka ba. Makanikin ruwa ya tsaya ga tiyon ruwa. Bututun gas da tukunya aikin wanda aka horar ne.

In an gama gyara aka zuba sabon ruwa, saura fitar da iskar da ta maƙale. A tayar da inji yana sanyi, murfi a buɗe, a bar shi yana aiki a tsaye har tiyon sama ya yi zafi, kumfa ta daina fitowa, ana ƙara ruwa kaɗan kaɗan, sa'an nan a rufe. Idan kumfar ta ƙi ƙarewa, ko baƙin mai ya koma kamar koko, ko farin hayaƙi na fita ta salansa bayan inji ya ɗumama, gasket ya riga ya tafi, kada a ɗauki fasinja. In kuwa ba haka, a ɗaure kilif, a ja fanbel, a yi sawu ɗaya zuwa Kwangila ba lodi. Kashegari da safe, kafin a murza makulli, a sāke duba ruwan.