Cire Famfon Iskar Salansa: Gyara ne ko Rufe Ido?



Yawancin motocin da ke lodi daga Ƙanƙara zuwa Sheme da Faskari, ko daga Sabuwa zuwa Dandume da Funtuwa, sun gama rayuwa guda a Turai kafin su iso gare mu. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufo. Wasunsu na zuwa da wani ɗan famfo da ke tura iska cikin bakin salansa. Batun da nake so in kare a yau shi ne, cire wannan famfo ba ya ƙara wa mota komai, abin da yake ragewa kuwa ya fi wanda ake gani.

Idan inji ya kwana ya yi sanyi, fetur yake sha fiye da kima, wani kuma ya fita ta salansa bai gama ƙonewa ba. Famfon sai ya hura masa iska ya ƙarasa ƙonewa, zafin kuma ya gaggauta ɗumama abin tace hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi. An fara sa shi a motocin Kalifoniya a 1966. Na wancan zamani bel ke juya shi, yana ɗan cin ƙarfin inji, daga nan ma zancen cewa cire shi na ƙara wa mota ƙarfi ya samo asali. Na motocin da ke hannunmu kuwa galibi lantarki ke juya shi, minti ɗaya ko biyu ya kashe kansa. Abin da ba ya aiki a kan hanya ta yaya zai sha mai a kan hanya?

Za a ce ƙasarmu ta zafi ce, an yi na'urar ne don masu ƙanƙarar sama. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin aikinta ya fi yawa a can. Amma indomi ba ya fara tacewa sai ya kai zafin digiri 250 ko fiye, saboda haka a wurinsa ko watan Afrilu sanyi ne, balle asubar hunturu. Hayaƙin waɗannan mintoci a tasha yake sauka, kan mai koko da yaran mota da almajirai, kuma iskar gubar da ke cikinsa ba ta da launi ko wari.

Hujja mafi nauyi ita ce ta aljihu. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, direban da ke kai balas kullum bai ga dalilin sayen kayan da ba su hana mota tafiya ba. Ban raina wannan ba. Sai dai sau da yawa ba famfon ne ke fara mutuwa ba, bawul ɗin da ke gabansa ne ke maƙalewa, tururin salansa ya koma baya ya jiƙa shi, ko tiyo ya tsage, ko fis ya ƙone. Waɗannan gyara ne mai sauƙi in an kama da wuri. In kuwa aka cire, kwamfutar mota za ta kunna fitilar gargaɗi, a liƙe ta da salatif ko a zare ƙwanta. Daga ranar, in fulogi ya fara tsallake ko na'urar auna hayaƙi ta lalace mota ta kama zuƙar mai, ba abin da zai sanar da direba. Kowa a nan ya san halin tsaron hanyoyinmu. Lalacewar mota a daji bayan la'asar ba maganar kuɗin ja ba ce kawai. Ramin da cire famfon ya bari, in aka toshe shi da garaje kuma, yana iya tsiyayo hayaƙi cikin motar da aka ɗage gilasanta saboda ƙura.

Akwai doka, domin hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin motoci tun 2011, amma a garejinmu maganar oga ta fi ta takarda ƙarfi. Don haka roƙona ga shugabannin makanikai yake: kada yaro ya kwance famfon nan kafin a duba bawul da tiyo da fis, kada kuma mota ta bar gareji da fitilar gargaɗi a liƙe.