Wane launi za a sa wa ɗaki a gidan gona?

Mutanen Maraɗi da Madarumfa da Ɗan Isa, da ƴan uwanmu na Jibiya da Katsina, duk ina gaisuwa.

An gama girbi, wanda ya sayar da wake ko riɗi ya ɗan ga kuɗi a hannu, lokacin gyaran gida ke nan. Wani mai saurare daga tsallaken iyaka ya aiko da saƙo: ya gyara gidan gonar mahaifinsu, ya yi sabon shafe, ya sa kwano, saura fentin cikin ɗakuna, shi ne yake tambaya wane launi ya fi kyau. Na ce to, tambaya ta zo inda ya dace, don mu a gidanmu mun ɗanɗana kuɗarta.

Shekara biyu da suka wuce, yayana da ke aiki a Kwatano ya aiko da kuɗi a gyara ɗakin Inna a ƙauye. Ya haɗo da hoto ta WhatsApp, wani falo shuɗi mai duhu, sai sheƙi yake. A waya abin gwanin sha'awa. Ni na je kasuwa da kaina na sayo fentin mai, aka shafa. Abin da ba mu lissafa ba, falon hoton nan tagoginsa har ƙasa, ga fitilu a sama, ɗakin Inna kuwa taga ɗaya gare shi, ba ta fi faifai biyu ba. Da rana tsaka sai an kunna tocila kafin a ga allura. Inna ba ta ce uffan ba, kun san iyaye, sai dai ta ɗauki tabarmarta ta koma rumfa. Damina na zuwa fentin ya kumbura, ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Kuɗin yaya sun tafi, ni aka bari da kunya.

Don haka kafin a zo maganar launi, a fara duba bango. In na ƙasa ne, yana shan laima da damina, ya fitar da ita sannu a hankali. Fentin mai kuwa tamkar leda ne aka liƙa masa, laimar ta rasa hanya, sai ta ture fentin. Bangon ƙasa farar ƙasa ya sani. Gaskiya tana shafar riga, kuma sai an sabunta ta kusan kowace shekara, amma ba ta da tsada kuma ba ta toshe bango. In shafen siminti ne, a ba shi kamar mako huɗu ya bushe. Mai gaggawa ya liƙa ƴar leda a bango ya rufe gefenta, ta kwana. In da safe ta yi gumi, a ƙara haƙuri. Kuma in kwano na yoyo ko indararo na zuba a jikin gini, a gyara su tukuna.

Yanzu launi. Ɗakunanmu na karkara ƙananan tagogi gare su saboda zafi da ƙura, ke nan ɗan hasken da ya shigo bango ne zai raba shi. Launi mai haske yana maido da shi, mai duhu yana shanye shi. Amma fari fat shi ma ban ba da shawararsa a ɗakin zama ba. Hazo ɗaya na hunturu ya ishe shi, ga hannun yara, ga inda baƙi ke jingina. Ni a ganina ruwan madara ko launin yashi ya fi, don ƙurarmu ma kusan launinta ke nan, in ta hau ba ta tona asiri. Dabarar da muke gani a makarantu da gidajen likita tana da amfani in bangon siminti ne: daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya a sa launi mai ɗan duhu wanda ake iya gogewa da tsumma, sama kuma fentin ruwa mai haske.

Ɗakin ajiyar hatsi da buhuna kuwa, nan fari ya dace. A farin bango ne za ka hango hanyar gara tun tana siririya, ka ga kunama kafin ta gan ka. Madafa kada a ɓata mata kuɗi, hayaƙi ba ya barin kowane launi, farar ƙasa ta wadatar.

Kada a zaɓi launi a shago, ballantana a waya. A sayi kaɗan, a shafa faɗin tabarmar salla a bangon da ke kallon ƙofa, a bari ya bushe. A duba shi da hantsi, da la'asar, da dare kuma a ƙarƙashin fitilar da ake kunnawa a ɗakin. Yawancin fitilun sola haskensu fari ne mai karkata zuwa shuɗi, shi ya sa ɗaki shuɗi ko ruwan toka yake yin wani iri da dare. Launi kuma in ya mamaye bango huɗu ya fi yadda yake a ɗan gwaji ƙarfi, sai a ɗauki wanda ya ɗan fi haske. In mai fenti zai haɗa kala da hannu, ya haɗa na ɗakin gaba ɗaya a mazubi guda, in ba haka ba kowane bango da nasa.

Lissafi kuma: ɗaki mita 4 da 4, tsawon bango mita 3, in an cire ƙofa da taga, murabba'in mita 45 ne ko kusa. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe kamar 10 a bango mai santsi, shafa biyu ke nan lita 9 zuwa 10. Sabon shafe ya fi haka sha.

Akwai abin da ya fi kyan gani muhimmanci. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan goro masu ƙyalli, ana samun dalma a cikinsu. Mun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Kamaru tun 2017 ta hana fentin da dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan. A karanta jikin gwangwani, wanda ba shi da suna ko bayani a bar shi. In za a kankare tsohon fenti, a fitar da yara da mai ciki, a jiƙa bangon, a kwashe ɓarɓashin kafin mai rarrafe ya kai baki.

Ga mai saƙo kuma, ka tambayi wadda za ta zauna a ɗakin. Ɗakin mace akwai jere, akwai labule da zanen gado, su ne adon, bango baya kawai yake ba su. Mu da muka kankare shuɗin nan muka tambayi Inna, farar ƙasa ta ce, da ɗan shuni kaɗan a ciki, yadda ake yi mata tun tana amarya. Kuɗinsa bai kai rabin na farko ba. Tabarmar ta koma ɗaki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa batun daɓe da siminti. A kwana lafiya.