Abin Da Za Ka Yanka Da Shi In Haɗari Ya Auku

Jawabin malamin gona ga manoman Kankia da Kusada

Kaka ta yi. Injin casa yana aiki dare da rana, amalanke na jigilar dawa, manyan motoci kuwa ba su hutawa a hanyar Kano zuwa Katsina. Lokacin haɗari ke nan. In mutum ya maƙale, abin da kowa ke fara rarumowa adda ce. To, ita ce ba na so.

Adda sai an ɗaga an sara, ga hannu na rawa, ga mutum na mutsu-mutsu. In igiyar shanu ta naɗe yaro, lauje ya fi. Ka zura bakinsa ƙarƙashin igiyar, gadon bayansa a jikin yaron, ka ja a hankali.

In bel ɗin inji ya kama hannun riga, kashe injin tukuna, ka jira ya tsaya cik. Sa'an nan ka yanke rigar da almakashi. In hannun bai fita ba, sa wuƙa ka datse bel ɗin. Mai inji zai yi ƙorafi. Ƙyale shi, akwai wani a kasuwa.

Ƙarfe shi ne mai wuya. In mota ta kife, ka ji warin fetur, kada a kira mai walda, kada a kawo injin yankan ƙarfe mai tartsatsi. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ko taba kada a sha a wurin. Zarton ƙarfe na hannu za ka nema. Yana da nawa, gaskiya ne, amma ba ya ta da wuta. Wani ya riƙa ɗiga masa ruwan sabulu don kada ya yi zafi. Ka ajiye baki biyu ko uku na canji, gama yana karyewa.

Kafin ka yanka kome, tokare motar ko amalanken da katako da duwatsu. Sau da yawa abin da za ka yanke shi ke riƙe da nauyin.

In ƙarfe ko itace ya soki mutum, kada ka zare, jini zai ɓalle. Wani ya riƙe shi kam, ka rage tsawonsa da zarto, a kai shi Babban Asibitin Kankia da guntun a jikinsa. Tun kafin a fara duk wannan, wani ya buga wa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa waya a lamba 122.